Babban hutu a Yamai: ina ɗalibi zai koyi binciken ciwon suga?

Ɗalibin likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni da ke son babban hutunsa ya tafi a koyon binciken ciwon suga yana da hanyoyi da dama, amma wadda ta cancanci wahalarsa ita ce sitaj a asibiti, ko Babban Asibitin Ƙasa ko na Lamorde, ƙarƙashin malamin da ke da bincike a hannu.

A nan ne hannu ke faɗawa. Za ka ga cewa gram 1,26 na suga a litar jini, bayan awa 8 ba ci, ba ya zama hujjar ciwon suga sai an maimaita awon wata rana. Za ka ga jinin da aka bari kan tebur ba a raba shi ba yana rasa kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na sugarsa kowace awa, domin ƙwayoyin jini na cinye shi. Shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai murfi ruwan toka, a garzaya da shi labo. Tsinken awon suga da ake ɗiga wa jinin yatsa kuma ba ya jure zafin da ya wuce digiri 30, balle a bar murfin gwangwaninsa buɗe. Awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugar jini na watannin baya, mai iyakar kashi 6,5, yana iya yaudara ga mai sikila, domin jajayen ƙwayoyinsa ba sa daɗewa, sai sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Kafin ka amsa wa malami, tambaye shi abu biyu: wace tambaya ce tawa ni kaɗai, kuma kwamitin ɗa'a ya amince da binciken? In ba amsa, cika rajista kawai za ka yi har hutu ya ƙare.

CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, labo ce ta kirki, sai dai ƙarfinta yana wajen sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Darussan intanet kuwa, ƙididdiga kaɗai za su ƙara maka.

Sai maganar zuwa Amurka, wadda da ita ake damfarar ɗalibai. Shirin STEP-UP, na koya wa ɗalibai bincike a lokacin hutu, cibiyar NIDDK ta gwamnatin Amurka mai binciken ciwon suga ce ta kafa shi da gaske, amma don ƴan ƙasar da masu takardar zaman dindindin aka yi shi. Duk wanda ya turo maka sanarwa ta WhatsApp cewa zai sama maka gurbi in ka tura jikka hamsin na “buɗe dosiye”, ɓarawo ne. Dubi adireshin imel ɗin: na hukumar Amurka yana ƙarewa da .gov, na jami'o'insu da .edu. Kada ka tura hoton fasfo ɗinka. Akwai kuma masu taron kwana uku a otal su ba ka takarda mai hatimin zinariya, ba ka taɓa ko kwalbar jini ɗaya ba. Mafi muni su ne mujallun da ke karɓar kuɗi su buga aikinka cikin mako guda ba wanda ya duba shi. Ganin ɗaya a takardunka na iya sa kwamitin bayar da tallafin karatu ya ajiye dosiyenka gefe.