Wata 8 da rEFInd: manhajar da ta dawo min da allon zaɓin da ya ɓace

Kwamfutata ta tafi-da-gidanka tana ɗauke da tsarin aiki biyu a faifai ɗaya, Windows 11 da Ubuntu, wani nau'in Linux. Na fi shekara ina amfani da ita a haka lafiya lau. In na danna maɓallin kunnawa, tambarin kamfanin da ya ƙera ta ya bayyana, bayansa baƙin allon GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin aiki, ya fito da jerin zaɓi, in ɗauki wanda zan shiga. Aikina da fayilolinsa duk suna ɓangaren Ubuntu. Windows kuwa na bar shi ne saboda wasu manhajoji biyu da ba sa tafiya sai a kansa.

Ranar da abin ya faru, sabunta BIOS na yi, wato manhajar da ke jikin na'urar wadda ke fara aiki kafin kowane tsarin aiki ya tashi. Kwamfutar ta kashe kanta ta kunna, ta sake, kamar yadda aka saba. Daga nan sai ta canza hali. In na kunna ta allon ya tsaya baƙi wuluk na 'yan daƙiƙoƙi, babu tambari, babu ɗan rubutun nan na ƙasa mai cewa a danna F2 don shiga BIOS ko F12 don zaɓar abin da za a tayar, babu GRUB, sai dai kawai in tsinci kaina a ƙofar shiga Windows. Na danna F2 har yatsana ya gaji, na koma F12, na gwada Esc da Del, shiru kake ji. Gabana ya faɗi ƙwarai, domin abin da ya fara zuwa raina shi ne Ubuntu ya goge, da aikin watanni a cikinsa.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne Disk Management na cikin Windows. Na buɗe na tarar da ɓangarorin faifan duk suna nan yadda na raba su. Windows ba ya karanta tsarin ext4 na Linux, don haka yakan nuna ɓangaren ba suna ba harafi, kamar fanko. Ina roƙon duk wanda ya zo wannan gaɓa ya tsare hannunsa, kada ya taɓa wannan ɓangaren da sunan gyara. Kayansa na nan a ciki, hanyar zuwa wurinsu ce kawai ta toshe.

Sai da na kwana biyu ina lalube kafin na gane cewa ciwo biyu ne suka haɗu suka yi kama da ɗaya. Ɓacewar tambari daban, ɓacewar jerin zaɓi daban, kuma kowanne da maganinsa. Wannan shi ne abin da na so a ce wani ya faɗa min tun ranar farko.

Na tambarin ya fi sauƙi. A cikin BIOS akwai wani saiti mai suna Fast Boot, wanda ke sa kwamfuta ta tsallake wasu bincike na farko ta kuma rage lokacin da take jiran a danna maɓalli, har ya zama kafin yatsa ya sauka an wuce wurin. Sabuntawar ta mayar da saitunana kan na asali, ta bar shi a kunne. To yaya mutum zai kashe shi alhali BIOS ɗin ne ya kasa shiga? Ta cikin Windows. A riƙe Shift a danna Restart, shuɗin allo zai fito, a bi Troubleshoot, sannan Advanced options, sannan UEFI Firmware Settings. Wanda ya saba da rubuta umarni zai iya buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ya rubuta shutdown /r /fw /t 0, duk wuri ɗaya za su kai shi. Ina kashe Fast Boot tambari ya dawo, F2 da F12 suka ci gaba da amsawa.

Akwai ɗan'uwansa a cikin Windows da ake yawan rikita su, wato Fast Startup, wanda ya zo tun Windows 8 a 2012. Idan yana kunne, kashe kwamfuta ba kashewa ce ta gaske ba, Windows yana adana wani ɓangare na halin da yake ciki ne a faifai don ya tashi da wuri. Ga mai tsarin aiki ɗaya wannan alheri ne. Ga mai biyu kuwa yana barin ɓangaren Windows a kulle, har Linux ya ƙi rubuta komai a kansa. Na kashe shi a Power Options, kuma ina ba kowane mai tsari biyu shawarar ya yi haka. Sannan in kana haɗa kwamfutar da wani allo na waje, ɗaga murfin ka duba, domin kwamfutoci da yawa a allonsu na jiki suke nuna waɗannan shafukan farko, na wajen sai tsarin aiki ya tashi yake kamawa.

Tambari ya dawo, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Da na danna F12, Windows Boot Manager kaɗai na gani a jerin. Sunan Ubuntu ya ɓace.

Dalilin yana cikin yadda kwamfutocin UEFI, wato sabon tsarin da ya gaji tsohon BIOS, ke tashi. A faifai akwai wani ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32 da ake kira ESP, inda kowane tsarin aiki ke ajiye fayil ɗin da ke tayar da shi. Na Windows shi ne bootmgfw.efi a cikin foldar Microsoft, na Ubuntu kuwa shimx64.efi da grubx64.efi a foldar ubuntu. Amma jerin da ke gaya wa kwamfuta wane fayil za ta fara nema ba a faifai yake ba, yana cikin wata 'yar ma'ajiya ce a jikin na'urar kanta, ita ce NVRAM. Sabunta BIOS ko mayar da shi saitin asali na iya share wannan jeri ko ya juya shi. GRUB ɗina yana zaune daram a ESP, babu abin da ya same shi, mai kiransa ne babu.

A nan rEFInd ta shigo. Manhaja ce ta kyauta mai buɗaɗɗen tushe, wadda Roderick Smith ya fitar a 2012 daga wata tsohuwa mai suna rEFIt. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ana iya gwada ta ba tare da an girka komai ba. A shafinta akwai sigar da aka shirya don filashi. Na sauke, na rubuta ta a wani tsohon filashi, na kashe Secure Boot, saitin BIOS da ke hana tashin manhajar da ba a amince da ita ba, na ɗan lokaci domin ba za ta tashi yana kunne ba, na danna F12 na zaɓi filashin.

Kafin in ci gaba, gargaɗi ɗaya da ba na so a tsallake. In faifanka na da BitLocker, makullin sirrin da Windows ke rufe faifai da shi, wanda sabbin kwamfutoci da dama ke zuwa da shi a kunne ba tare da mai su ya lura ba, taɓa Secure Boot ko canza hanyar tashi zai iya sa Windows ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Na rubuta nawa a takarda tun kafin in fara. Ya kuwa nema. Da ban tanade shi ba, da ina neman gyara ƙofa ɗaya na kulle ɗayar.

Filashin na tashi, sai ga allo mai haske da manyan gumaka a jere, ga na Windows, ga na Ubuntu. Ban rubuta ko harafi ɗaya ba, ban gaya mata inda komai yake ba. Na matsa kan Ubuntu na danna Enter, cikin ƙasa da minti ɗaya ina kallon fayilolina. Har yanzu ina tuna ajiyar zuciyar da na yi.

Daga nan ina da zaɓi. Zan iya sake girka GRUB, ko in mayar da sunansa cikin jerin da umarnin efibootmgr, magana ta ƙare. Amma abin da na gani ya sa na girka rEFInd a faifan gaba ɗaya, kuma dalilin shi ne zuciyar wannan sharhi. GRUB yana aiki ne da rubutaccen jeri. Ana haɗa masa fayil ɗin grub.cfg a lokacin da aka gudanar da update-grub, abin da ke ciki shi zai nuna har sai an sake haɗawa. In saitin GRUB_TIMEOUT_STYLE yana kan hidden, jerin ba zai fito ba sai an danna Esc a daidai lokacin. Tun daga GRUB 2.06 na 2021 kuma, os-prober mai gano sauran tsarin aiki a kashe yake zuwa a asali saboda dalilan tsaro, shi ya sa a wasu nau'o'in Linux sai an rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false kafin Windows ya bayyana. Duk waɗannan suna da gyara, kuma GRUB ya yi min hidima da aminci. Sai dai ita rEFInd duk lokacin da aka kunna kwamfuta sabon dubawa take yi. Tana leƙa ESP da sauran ɓangarori da duk filashin da aka soka, abin da ta tarar mai iya tashi ta jera shi. Ba ta dogara da abin da aka rubuta mata jiya ba. Tana ma iya tayar da kanel ɗin Linux, wato ginshiƙin tsarin aikin, kai tsaye ba ta bi ta GRUB ba, domin tana zuwa da direbobin karanta ext4 da Btrfs.

A cikin wata 8 an sabunta kanel sau da dama, ban taɓa buɗe wani fayil don in sanar da ita ba. Na soka filashi mai wani nau'in Linux don gwaji, ya fito a jerin da kansa. Tana tuna tsarin da na shiga na ƙarshe ta tsaya a kansa. Amma abin da na fi ƙauna ƙarami ne, a layin ƙasa yake: ɗan gumkin da ke kai mutum saitin BIOS kai tsaye. Bayan wahalar da na sha da F2, samun ƙofar da ba ta buƙatar tsere da daƙiƙa ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Saitunanta duka suna fayil ɗaya, refind.conf, kuma kowane layi da bayaninsa a samansa. Lokacin jira na asali daƙiƙa 20 ne, na mayar da shi 5. Da farko gumakan sun yi yawa, Ubuntu ya fito sau biyu, ɗaya ta hanyar GRUB ɗaya ta kanel. Ana matsawa kan wanda ba a so a danna Delete ya ɓuya, kuma ana iya dawo da shi daga baya. Ni na bar na GRUB ɗin a fili da gangan, hanya biyu ta fi ɗaya.

Inda na sha fama shi ne mayar da Secure Boot. Ban yarda in bar shi a kashe ba, to amma sai an bi ta shim, ƙaramar manhajar da Secure Boot ya yarda da ita wadda ke tayar da na gaba, an kuma shigar da mabuɗin rEFInd cikin jerin amintattun mabuɗai da ake kira MOK. Wani shuɗin allo ne ke fitowa a tashin farko, mutum ya nemo fayil ɗin mabuɗin a ESP da kansa ya amince da shi. Yamma guda ta tafi a kan wannan. Bayanin da ke shafin manhajar cikakke ne, babu abin da aka ɓoye, amma dogo ne kuma da Turanci na masana, sabon shiga zai buƙaci haƙuri ko wani a gefensa.

Wajibi ne kuma in faɗi iyakarta. Ita ma rEFInd suna ne a cikin wancan jerin na NVRAM, don haka abin da ya share GRUB zai iya share ta. Ba ta da iko a kan tambarin farko ko Fast Boot, waɗannan na BIOS ne. Sau ɗaya, bayan an sabunta GRUB a Ubuntu, ya koma kan gaba a jerin, na kunna na tarar da tsohon baƙin allo. Wannan karon ban firgita ba. Na shiga Ubuntu na gudanar da refind-mkdefault, ta koma matsayinta. Da efibootmgr ma ana iya ganin jerin a sake masa tsari. Sannan kwamfutar da ke tashi da tsohon tsarin BIOS zalla ba ta wurinta ba ce, ta UEFI ce kawai.

Wanda ke da tsarin aiki ɗaya ba ya buƙatarta. Wanda GRUB ɗinsa ke fitowa lafiya, ya bar abinsa yadda yake, babu dalilin taɓa abin da ke aiki. Amma ga mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ko da ba zai girka ta a faifai ba, ina ganin ya kamata ya rubuta ta a filashi tun yanzu da komai ke lafiya, ya gwada sau ɗaya ya tabbatar tana tashi a na'urarsa. Fayil ɗin ƙarami ne, kowane tsohon filashi zai ɗauka. Nawa yana aljihun jakar kwamfutar, takardar mabuɗin BitLocker kuwa na adana ta a wani wuri daban, kuma lokacin da wata sabuntawar BIOS ta sake zuwa watanni bayan haka, sai da na ajiye su biyun a gabana kafin na danna amincewa.