Shuwaka, Latas ko Sanfulawa: Wanne Ya Kamata Ka Saya Don Lambun Gida?

Mutane da yawa ba su san cewa shuwaka da latas da tazargade da sanfulawa, furen nan mai kallon rana, duk 'yan gida ɗaya ba ne. Danginsu ya ƙunshi tsirrai fiye da nau'i 20,000, kuma alamarsu ita ce abin da ido ke ɗauka fure ɗaya, alhali tarin ƙananan furanni ne a dunƙule a kai guda.

Idan fili kaɗan gare ka, shawarata ita ce shuwaka. Ba ta buƙatar iri, domin reshe ake yanka a dasa da farkon damina, kuma da zarar ta kama ƙasa za ta yi shekaru tana ba ka ganye, kana tsinka tana sake tohowa. Ɗacinta yana raguwa idan an murje ganyen an wanke shi sau da yawa har kumfar ta fita, sannan a yi miyar da aka saba yi wa masu jego, wadda irinta ce ake kira ndole a Kamaru. Latas kuwa sai da sanyin hunturu, da zafi ya shigo sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Sanfulawa tana da kyan gani, amma tsuntsaye kan riga ka cin 'ya'yanta.

Inda ake cutar mai saye shi ne wajen reshen shuwakar. An taɓa sayar mini da dami guda wanda ya kwana biyu a rana, aka yayyafa masa ruwa don ya yi kamar sabo, ko ɗaya bai tsiro ba. Saboda haka ka kankare bayan reshen da farce: idan ka ga kore mai danshi, yana da rai, idan ya yi ruwan ƙasa ya bushe, ka bar shi komai arharsa. Busasshiyar shuwaka da aka daka ma abar tsoro ce, domin ana cakuɗa ta da wasu ganyaye, don haka ka sayi ganyen da idonka ya gani.

Haka nan kada ka yarda da mai tallar tazargade da sunan maganin zazzaɓin cizon sauro. Gaskiya ne daga wata 'yar uwarta ta ƙasar Sin aka samo sinadarin atemisinin da ake haɗa maganin zazzaɓin da shi, aikin da ya ba masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, kyautar Nobel a 2015, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha jiƙon ganyen a madadin maganin asibiti ba.