Gadon maɗaci: banish ko farin fenti?

Hajiya, kin tambaya ko banish ko farin fenti za a sa wa gadon maɗacin ɗiyar taki: a sa masa banish. Maɗaci katako ne mai ja da zanen kansa, rufe shi da fenti asarar kuɗi ce. Je ki Ringim ko Gumel ki duba gadajen ɗakunan iyayenmu, yara sun yi tsalle a kai har sun girma, banish ne kawai a jikinsu, kuma jan nasu sai ƙara duhu da kyau yake.

Sai dai aikin na son haƙuri. Kafinta ya goge da sanfefa mai lamba 120, ya bi da 180, ya ƙare da 220, yana bin tsawon katakon, kada ya gitta. Maɗaci na da ƙananan ramuka masu shan ruwa, saboda haka sila, wato ruwan da ke toshe waɗannan ramuka, za a fara shafawa, ta bushe, a goge sama-sama. Sannan banish shafi uku. Na farko a tsinka shi da tina (ruwan tsinka banish da fenti), kashi ɗaya cikin goma, a bar kowane shafi ya kwana kafin na gaba. Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi guda. Idan hunturu ne a yi a ɗaki a rufe, a yayyafa ruwa a ƙasa, in ba haka ba ƙura ta zauna ya yi kaushi. Ɗanyen katako kuwa, musamman na damina, banish ɗin fari-fari zai yi, katakon ya tsage daga baya.

Fenti yana da ranarsa a ƙofar da rana ke duka, nan banish ɓarewa yake. Amma fenti na ruwa kada ya taɓa maɗaci kai tsaye: jan katakon zai tsattsafo, farin ya yi dabbare-dabbare kamar an tofa goro. Dole sai an shafa firaima, wato shafin da ake yi kafin fenti, irin mai mai, shafi biyu tukuna.

Ki kula da masu rina malaina da jan kala su ce maɗaci ne. Ki sa a kankare ƙarƙashin gadon da wuƙa a gabanki. Na gaske ja ne har ciki, ga nauyi. In fari ya fito, kada ki biya kuɗin maɗaci. Gwangwanin banish ma a buɗe shi kina gani, wasu kalanzir suke ƙara masa, ya yi kwanaki yana danƙo.