Snapchat a Hannun Matasa: Shin Hoton Yana Ɓacewa da Gaske?

Na shafe makonni ina amfani da Snapchat domin in gane abin da ke hana 'yata mai shekara 15 ajiye waya, kuma dole in yarda cewa manhajar ta san aikinta. Da zarar an buɗe ta, kyamara ce ke fara tarbar mutum. A ɗauki hoto, a tura, wanda aka tura wa ya kalla, shi ke nan hoton ya tafi. Tun lokacin da Evan Spiegel da abokansa na jami'ar Stanford suka fito da ita a 2011, wannan ɓacewar ce jarinta, kuma na fahimci dalilin da ya sa matasa suka rungume ta: yarinyar da ke jin kunyar saka hotonta a Instagram, inda zai zauna kowa yana duba shi yana auna shi, a nan tana iya murguɗa baki ta tura wa ƙawarta hankali kwance.

Sai dai alƙawarin ya fi ƙarfin manhajar. Wanda ya karɓi hoto yana iya ɗaukar hoton allonsa, kuma abin da Snapchat ke yi kawai shi ne ta sanar da mai turawa, bayan aikin gama ya gama. Idan kuwa da wata wayar daban aka ɗauki allon, ko sanarwar ma babu. A 2014 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka ta zargi kamfanin da yaudarar jama'a kan wannan batu, har suka sasanta, kuma a shekarar ce dubban hotuna suka fallasa ta hanyar wata manhaja ta daban, ba ta Snapchat ba, da ke adana su a ɓoye. Matashin da ya sakankance cewa babu abin da zai saura, shi ne zai tura abin da ba zai so mahaifiyarsa ta gani ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne alamar wutar nan da ke ƙirga kwanakin da abokai biyu suka jera suna tura wa juna hoto. Rana ɗaya aka tsallake, lissafin ya rushe, don haka sai ka ga yaro yana tura hoton bango ko silin tsakar dare don kada wutar ta mutu.

Taswirar Snap Map, wadda ke nuna wa abokai inda mutum yake, ana iya kashe ta, kuma ita na fara sa 'yata ta kashe. Sashen Family Center da aka ƙara a 2022 yana nuna wa iyaye waɗanda ɗansu ya yi hira da su cikin kwana 7 da suka wuce, ban da abin da suka faɗa wa juna, kuma sai yaron ya amince kafin ya yi aiki. Tawa ta amince, bayan doguwar muhawara.