Hotunan 'yan rawar Faransa na bugun dutse: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kafin a yi maganar farashi, sai ka fara sanin abin da ke hannunka. Bugun dutse shi ne mai zane ya zana da alli mai maiƙo a kan faffaɗan dutse, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙon yake kaɗai, sannan a danna takarda. Kowane launi da dutsensa. Shi ya sa idan ka ɗora gilashin ƙara girma a kan na asali za ka ga launin ya barbazu kamar yashi. Idan kuwa ɗigo-ɗigo ka gani jere reras kamar na hoton jarida, to bugun inji ne na zamani, komai tsufan da takardar ta nuna.

Masu hannu da shuni suna bin na Matisse, shahararren mai zane ɗan Faransa, wato jerin hotunan 'yan rawa goma da aka fitar a 1927. Baƙi ne a kan fari, da sa hannunsa da lambar kwafi da aka rubuta da fensir. Kyau kam akwai, amma tsadar ba ta kowa ba ce, kuma fensir abu ne mai sauƙin kwaikwayo, don haka kada ka saya sai an nuna maka shaidar daga hannun wa hoton ya fito.

Na Paul Colin, wani mai zanen fosta ɗan Faransa, sun fi rai. Shi ya yi fostar wasan da ya fito da 'yar rawa Josephine Baker a Paris a 1925, daga baya ya buga kundin hotuna guda, kwafi 500. Dillalai kan farke kundin su sayar da shafi ɗai-ɗai.

Ni dai, ga mai matsakaicin ƙarfi, na fi son ƙananan fostocin jerin da ake kira Les Maîtres de l'Affiche, guda 256 da maɗaba'ar Chaix ta buga tsakanin 1895 da 1900. Sun ɗan girmi sauran, a ciki kuwa har da 'yan rawar da masu zane Chéret da Toulouse-Lautrec suka zana. Ba girman fostar bango ba ne, an rage su, amma bugun zamaninsu ne. Shafa kusurwar dama ta ƙasa, za ka ji tudun hatimi marar tawada.

Sai ka ɗaga takardar a haske ka duba gefen da aka datse, da tabon ruwa, da ja da ya koɗe. Wanda aka manne da gam a jikin kwali kuwa, a rage maka kuɗi sosai ko ka bar musu kayansu.