Gadon jinya da aka kawo mana a Hamburg

Ana gobe za a sallamo maigida daga asibiti, bayan shanyewar ɓarin jiki da ta same shi, sai ga wasu ƙarti biyu a ƙofarmu. Gado suka hauro da shi hawa na uku, guntu-guntu, suka harhaɗa a falo. Na lantarki ne, kina dannawa kan ya ɗago, ki sake dannawa ya yi ƙasa. Na shige ɗaki na ƙirgo Yuro 200 a matsayin kafin alƙalami, ina addu'ar su yarda in biya sauran kaɗan-kaɗan. Babban cikinsu ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya miƙo mini biro. Wai aro ne, inshora ta ɗauki nauyi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba sadaka ba ce fa. Tun 1995 ake yankar kuɗin inshorar jinya daga albashi a Jamus, kuma maigida ya sha mita a kan wannan yanka. Wata ma'aikaciya ta zo ta duba shi, aka sa shi a mataki na 3 cikin matakai 5 na buƙatar jinya. Yanzu duk wata ana kawo kwali na Yuro 42: safar hannu, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, da shimfiɗar tare fitsari.

Daren da aka kawo gadon ban runtsa ba, Inna nake tunawa a Damagaram. Leda muke shimfiɗa mata ƙarƙashin zani, ga zafi, har bayanta ya yi gyambo. Mu huɗu muke ciccibarta, tsummokara kuwa wanki ba dare ba rana. Masu dubiya sun cika tsakar gida, kowa da lemo da ayaba da madarar gwangwani, ita da ko kunu da ƙyar take haɗiya. Ko mutum ɗaya bai taɓa kawo safar hannu ko famfas ɗin manya ba. Wai abin kunya ne a ambata. Haba jama'a! Kuɗin lemon sati guda da ya sayi fakiti.

Nan ma akwai takaici. Famfas ɗin sai da takardar likita, kuma wanda kamfanin ke turowa shara-shara ne, kafin asuba ya jiƙa zanin gado. Mai kauri sai kin cika daga aljihunki. Wasiƙun inshora kuwa, da Jamusancin da ko 'yata da aka haifa a nan sai ta karanta sau biyu.

Wata huɗu ke nan, waɗanda suka leƙo dubiya ba su kai biyar ba, su ma sai sun bugo waya sun nemi rana. Jiya da dare ina juya shi, ya ce da ni cikin maganarsa da ba ta fita sosai, yau ma babu wanda ya yi sallama?