Musanyar Gida, Haya Ko Otal: Wanne Ya Dace Da Iyalin Katsina Mai Shirin Hutu A Ƙasar Waje?

Duk magidancin da ya taɓa zama da biro da takarda yana lissafin fita da iyalinsa ƙasar waje ya san cewa bayan kuɗin jirgi, masauki ne ke kwashe kaso mafi tsoka. Kai da maiɗaki da yara huɗu, ɗaki ɗaya ba zai ɗauke ku ba, sai biyu ko uku. Ka ninka wannan sau kwanakin da za ku yi, ka mayar da dalar zuwa naira, sai ka ga hutun mako uku ya koma na kwana biyar. Shi ya sa maganar musanyar gida ke jan hankalin mutane: ka ba wani iyali gidanka su zauna, su ma su ba ka nasu, ba wanda zai biya wani kuɗin haya.

Abin ya daɗe. A 1953 malaman makaranta a Turai suka fara tsara shi, domin suna da dogon hutu amma albashinsu bai kai na zaman otal ba. Ƙungiyoyin Intervac da HomeLink tun wannan shekarar suke. HomeExchange, wanda ya fi su suna a yau, an kafa shi a Amurka a 1992, a 2017 kuma kamfanin GuestToGuest na Faransa ya saye shi. Mutum yana biyan kuɗin zama mamba na shekara, wanda a HomeExchange ya ɗara dala 200, sannan ya sa hotunan gidansa da bayaninsa. Musanyar iri biyu ce. Akwai ta kai tsaye, ku tafi gidansu su zo naku, ko a lokaci guda ko a lokuta daban. Akwai kuma ta maki, inda duk daren da baƙo ya kwana a gidanka za a rubuta maka maki, kai kuma ka kashe su a gidan wani daban, a wata ƙasa daban.

Tsarin yana da kyau. Amma mutumin Katsina ko Daura, kafin ya saka kati ya biya, ya tambayi kansa: wa zai zo?

Gwamnatocin Amurka da Birtaniya duk sun sa jihar Katsina cikin wuraren da suke gargaɗin mutanensu kada su je, saboda matsalar 'yan bindiga da garkuwa da mutane. Mu da muke cikin gari mun san ana kasuwa, ana biki, ana hawan Sallah, amma Bature da ke zaune a Liyon ko Bristol gargaɗin gwamnatinsa yake karantawa, kuma yawancin kamfanonin inshorar tafiya ba sa ɗaukar nauyin wanda ya je inda gwamnatinsa ta hana. Don haka ko gidanka na GRA ya kai na kowa kyau, da wuya ka samu mai nema ta shafukan intanet na waɗannan ƙungiyoyi. In ba baƙo, maki ba za su taru ba. Wanda zan ce ya gwada shafukan shi ne mai gida na biyu a Abuja ko Legas, inda baƙin ƙasashen waje ke shigowa. Mai gida a Ƙofar Ƙaura ko Shargalle kaɗai, ya riƙe dalarsa.

Wannan ba ya nufin musanyar ta fi ƙarfinmu. Masu bukatar gidajenmu suna nan, kuma namu ne. Likitocinmu da ke aiki a Ingila da Saudiyya, malaman jami'a da masu karatun digiri na uku a Maleshiya da Masar, 'yan kasuwa a Dubai, duk suna son kawo yara gida su ga kakanninsu. Matsalarsu kullum ita ce masauki. Gidan gado ya cika, ɗakin da mutum ya bari yana saurayi an ba ƙaninsa ya yi aure a ciki, zama a otal a garinku kuma abin magana ne. Irin wannan iyali, ka ba su gida mai sola da rijiyar burtsatse da mai gadi, kusa da danginsu, ka yi musu babban alheri. Su kuma gidansu na Manchesta zai zauna a kulle har wata guda, alhali suna biyan hayarsa. A nan ne bukata ta haɗu da bukata.

Lokaci ma yana taimakawa. Dogon hutun makarantun Ingila yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, ya yi daidai da namu, kuma lokacin damina ne a nan, zafi ya sauka. Wasu kuma Sallah suke hari, don yara su ga hawa a Ƙofar Soro, ko su je Daura Sallar Gani su leƙa rijiyar Kusugu. Sai dai ka tuna, in suka zo Sallah kai kuma ka tafi Ingila, ka yarda ke nan ka yi idi a ƙasar da ranar Sallah ranar aiki ce. Ba kowa ne zai iya ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi wuya, wato gidan kansa. Gidan Bahaushe ba kasafai yake zama fanko ba. Akwai Hajiya a sashenta, akwai ɗan riƙo, akwai almajirin da ke zuwa karɓar abinci da yin aike, akwai tumaki a bayan gida. Ka je ka durƙusa ka ce, "Hajiya, baƙi ne za su zauna a sashenmu in mun tafi," tambayar farko da za ta yi ita ce, "'Ya'yan waye?" Tambayar tana kan hanya, kuma in ba ka da amsar da za ta gamsar da ita, kada ka yi. Haka ma maiɗaki. Ɗakinta ne, gadonta ne, kayan kicin ɗinta ne da ta tara tun na gara. In ba ta yarda da zuciya ɗaya ba, hutun zai ƙare da ɓacin rai ko da ba a fasa ko kofi ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ware ɗaki ɗaya a zuba duk abin da ba a so a taɓa, gwala-gwalai da takardun fili da kayan sawa, a kulle, a ba baƙi sauran gidan.

Sannan a rubuta komai. Mun saba cewa tsakanin 'yan'uwa ba sai an yi rubutu ba, amma yawancin saɓani daga ƙananan abubuwa yake tasowa. Wa zai sayi katin mita da man janareta? Wa zai biya mai gadi da mai shara a wannan watan? An yarda a hau mota ko a'a, kuma in ta samu matsala wa zai gyara? Za a iya tara dangi a yi walima a tsakar gida? Ka bar musu takarda a kan firji mai ɗauke da lambar mai gyaran famfo, da yadda ake juya wuta daga sola zuwa janareta, da lokacin da ake tayar da injin ruwa. Ka ɗaura gidan sauro a kowane gado, domin yaran da aka haifa a Turai jikinsu bai saba da zazzaɓin cizon sauro ba, kuma yana iya yi musu tsanani.

Kai ma a can akwai abin tambaya. Da yawa daga cikin mutanenmu a Ingila haya suke yi, kuma yarjejeniyar haya takan hana a bar wasu a gida ba da izinin mai gidan ba. Ka tabbatar sun nemi izini. Ka tambayi nisan gidan da masallaci da shagon naman halal da tashar bas. Banɗakin can ba a yi shi don kwarara ruwa a ƙasa ba, wani ma bene ne na katako, ruwan alwala zai iya ɗiga ɗakin maƙwabcin ƙasa, don haka a koya wa yara tun daga gida. Shara kuwa rarraba ta ake yi, kowace iri da mazubinta da ranar ɗaukarta. A nan musanya da Musulmi ɗan'uwanka ta fi ta shafin intanet nesa ba kusa ba: za ka tarar da buta da darduma, ba kare a falo, ba giya a firji, ba ka kuma shakkar abin da aka soya a tukunya.

To in ba a samu abokin musanya ba fa?

Hayar gida ta ɗan lokaci, irin ta Airbnb da aka kafa a 2008 ko Booking.com, ita ce ta fi kusa. Kuna da kicin, maiɗaki za ta tuƙa tuwo da garin kuka da daddawar da aka ƙunso, in dokar ƙasar ta yarda a shiga da su, kuma ba wanda zai kwana a gidanka. Ka duba jimillar kuɗi a shafin ƙarshe, domin kuɗin shara da na hidimar kamfani suna hawa kan farashin da aka fara nuna maka. Ka karanta abin da baƙin baya suka rubuta. Duk mai gidan da ya ce ku koma WhatsApp ka tura masa kuɗi kai tsaye zai rage maka, rabu da shi. Ka kuma tambayi bankinka iyakar abin da katin naira zai biya a waje, ko ka yi amfani da asusun dala.

Otal ya fi tsada ga mai iyali, amma ga tafiyar kwana uku ko huɗu, ko ta ganin likita a Alƙahira, shi ya fi kwanciyar hankali.

Sauka a gidan ɗan'uwa yana nan shi ne abin da muka fi sabawa, kuma kyauta ne, amma gidajen can ƙanana ne. Ɗaki biyu da falo, mai gida da matarsa duk suna fita aiki da asuba. Mutum shida su sauka musu mako uku nauyi ne babba, ko da kunya ta hana su faɗa.

Biza ba ruwanta da yadda ka samu masauki kyauta, sai ka nuna hujja. Bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen Turai irin su Faransa da ita, tana ba da kwana 90 cikin 180, kuɗinta yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, kuma dole a nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 da shaidar wurin kwana. Faransa tana neman takardar karɓar baƙo wadda mai masauki zai karɓo daga ofishin magajin garinsu. Ingila bizarta daban ce, za su so ganin wasiƙar gayyata da adireshi da bayanan asusunka. Ka faɗi gaskiya cewa masu gidan za su kasance a Najeriya lokacin. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, domin in aka hana ku, su can sun riga sun shirya zuwa gidanku. Wannan ma a rubuta shi: in ɓangare ɗaya ya fasa, me za a yi? Umara kuwa a cire ta daga wannan lissafi, saboda bizarta a haɗe take da otal mai rajista ta tsarin Nusuk na Saudiyya.

Wanda bai taɓa yi ba, ina ganin ya fara da kusa. Gana da Senegal ba sa neman biza daga ɗan Najeriya saboda yarjejeniyar ECOWAS, kuma akwai Hausawa birjik a unguwannin zango na Akara da Kumasi. Maraɗi da Damagaram ma ƙasar waje ce, kuma gidaje da yawa a Katsina da Daura suna da dangi a can, sai dai a bincika halin iyakar Jibiya ko Kongolam kafin a kama hanya, tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Zaɓina ga iyali mai yara da ke son mako biyu ko fiye shi ne musanya da ɗan gari da ke zaune a waje, wanda aka san gidansu, kuma akwai dattijo ɗaya da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa. A fara maganar wata shida kafin tafiya, a yi kiran bidiyo kowa ya zagaya da waya ya nuna gidansa ɗaki-ɗaki, matan gidan biyu su yi magana da juna kai tsaye. Makullin gidanka kuma ka bar shi hannun ƙaninka ko maƙwabcin da ka amince da shi, ya tarbe su ranar da suka iso, ya kuma karɓa ranar da za su koma.